Mun Sayo Fatsar Zamani, Mun Baro Ilimin Kula Da Ita

Duk wanda ke zaune a Unguwar Gano ko Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ya san titin Zariya shi ne hanyar mai zuwa Tiga da Bagauda. Ta nan masunta da dillalai ke shigo da tarwaɗa da karfasa cikin birni, kuma ta nan wasu ma'aikata ke fita ranar Asabar da sandar fatsa ta zamani domin shan iska a bakin ruwa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, mun karɓi kayan su na zamani hannu bibbiyu, amma ilimin kula da su da kalmomin da za a koyar da ilimin ba su biyo kayan ba.

A ƙasar Amurka akwai wani kifin ruwan daɗi da suke kira bas, wanda suka mai da kamunsa gasa mai kawo kuɗi. Babbar gasarsu ta fara tun 1971. Masu wannan sana'a sun ɗauki abu biyu da muhimmanci. Na farko shi ne ruwan da ake fesa wa zaren fatsa. Zaren nailan, wanda aka ƙago sinadarinsa a 1935, idan ya daɗe a naɗe yakan riƙe lanƙwasa, sai ya riƙa fita a murɗe yana sarƙewa. Wannan ruwa, mai ɗauke da sinadari mai santsi, yakan tausasa zaren ya rage gogayyarsa da zobban sanda, jifa ta yi nisa. Na biyu shi ne man na'urar naɗe zare. Ƙa'idarsu ita ce: mai marar kauri ɗigo ɗaya ko biyu ga boris, giris kuma ga haƙoran giya, sannan kada a cika, domin man da ya yi yawa matattarar ƙura ne.

Mai karatu zai ce, ina ruwan Bakano da kifin Amurka? Ruwansa kuwa babba ne. Giwan ruwan da ke kogunanmu da tafkunanmu ya fi bas girma nesa ba kusa ba. Wanda ya ci gasar Argungu a 2005 nauyinsa kilo 75 ne. Yanayinmu kuma ya fi nasu gallaza wa kaya. Zafin rana da haskenta suna cinye ƙarfin nailan, don haka zaren da aka bari a bayan mota a watan Afrilu yana iya tsinkewa ranar da babban kifi ya kama. Ƙurar hunturu kuma idan ta haɗu da giris sai ta zama tamkar yashin goge ƙarfe, ta cinye haƙoran na'ura a hankali. Ga al'adarmu ta kai komai wajen mai gyaran babur, ya wanke da fetur ya ɗura baƙin mai, alhali fetur yana lalata roba, baƙin mai kuma ya yi wa boris ɗin fatsa nauyi.

Ma'aikacin da zarensa ya tsinke ya yi asarar nishaɗin yini ɗaya ne kawai. Masuncin Tiga ko Challawa ko Wudil kuwa, wanda ya ci bashi ya sayi kalli ko mamari na nailan, jarinsa ne da abincin iyalinsa. Madatsar Tiga an kammala ta a 1974, ta Challawa kuma a 1992, kuma tuni zaren kanti ya kori zaren gida daga hannun masunta.

Kakanninmu ba su jahilci kula da kaya ba. Da rama da auduga da zaren yawa, wato wani irin wake da ake nomawa domin zarensa, suke tufka igiya su saƙa koma da homa da birgi. Sun san zaren tsiro yana ruɓewa idan aka ajiye shi da danshi, don haka shanya da ɗinki da duba ƙulli wani sashe ne na sana'ar, wanda yaro ke koya a gaban ubansa kafin a sake shi ya shiga ruwa. Da nailan ya zo, tun da ba ya ruɓewa, sai aka ɗauka ba ya bukatar kulawa. Nan ne aka yi tuya aka manta da albasa, domin ranar da ke busar da zaren rama ita ce ke kashe na nailan. Inuwa yake so.

A matsayina na mai nazarin harshe, abin da ya fi damuna shi ne bayanin da ke jikin kwalin waɗannan kaya da Ingilishi ko Sinanci yake zuwa, masunci kuma da Hausa yake tunani. Ƙamusun Bargery na 1934 ya taskace mana ɗimbin kalmomin sana'o'in gargajiya, to amma wa ke taskace na yau? Harshenmu bai gaza ba. Masaƙa suna da kwarkwaro, abin da ake naɗe zare a kai. Ina ganin "kwarkwaron fatsa" zai zauna daram a bakin masunci. Ruwan fesawar kuma a kira shi "matausashin zare".

Saboda haka ina kira ga sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu da su zauna da Sarakunan Ruwa da jami'an kula da kiwon kifi, a tattara kalmomin su na da da na yanzu, a fitar da ɗan littafi cikin boko da ajami, gidajen rediyon Kano kuma su ba shi fili. Saƙon ba mai tsawo ba ne: a ɗauraye zare da ruwa mai tsabta, a ajiye shi a inuwa, a canza shi in ya yi kaushi, a goge ƙura kafin a ɗiga mai, a kuma yi haka tun a gida, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, amin.