Idan Asibitin Ƙauye Ya Rufe: Yadda Tsarin Lafiyar Ƙasa Ke Durƙushewa

'Yan uwa ɗalibai da malamanmu, mukan ji a rediyo ana cewa tsarin kiwon lafiyar wata ƙasa na gab da durƙushewa saboda rikici. Me hakan ke nufi, kuma ina ruwanmu a nan Danko?

Tsarin lafiyar Najeriya hawa uku ne. A ƙasa akwai ƙananan asibitocin ƙauye, inda ake awon ciki da allurar rigakafi da maganin zazzaɓin cizon sauro. Sai manyan asibitocin jiha irin na Zuru. A sama kuma akwai na tarayya irin na Birnin Kebbi. Rushewa daga hawan ƙasa take farawa.

Darasin Borno

A ƙarshen 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta duba cibiyoyin lafiya 743 a jihar Borno. Ta tarar rikicin Boko Haram ya rusa kashi 35 cikin ɗari kurmus, wasu kashi 29 kuma sun lalace. A watan Agustan shekarar ne aka sake ganin cutar shan inna a Gwoza da Jere, bayan shekara biyu ba a ga ko yaro ɗaya da ita a ƙasar ba. Masu rigakafi sun daɗe ba sa iya shiga ƙauyuka da yawa.

Yadda abin ke tafiya

Da an kai hari, ma'aikatan lafiya su gudu, asibiti ya rufe. Mai naƙuda ta rasa mai karɓar haihuwa. Manomi ya bar gona, abinci ya yi tsada, tamowa ta kama yara. Masu gudun hijira su cunkushe a gari, ruwa mai tsabta ya yi ƙaranci, amai da gudawa su ɓarke. Sai kowa ya nufi babban asibiti, gadaje su kasa.

Mu ma 'yan bindiga sun ɗanɗana mana wannan. A watan Yunin 2021 an kashe mutane da dama a ƙauyukan Danko/Wasagu, iyalai suka watse. A jihar Katsina kuma, ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 tamowa ta kashe a cibiyoyinta cikin wata shidan farko na 2025.

Batun kuɗi

A 2001 shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 na kasafin kuɗi. Najeriya galibi kusan kashi 5 take warewa. Fiye da naira 70 cikin kowace 100 da ake kashewa kan jinya daga aljihun mutane take fitowa. Wanda ya bar gonarsa da shanunsa, ina zai samo? Ga shi a 2025 Amurka ta zaftare tallafin da take bayarwa.

Namu aikin

Tsaro da kasafi na hukuma ne, amma muna da rawar takawa. Mu tuna wa iyayenmu ranar rigakafin ƙannenmu. Mu tafasa ruwan sha, mu wanke hannu da sabulu. Yaron da ke ramewa ko ƙafafunsa suka kumbura, a kai shi asibiti da wuri. Ɗalibai 'yan gudun hijira kuma mu ja su a jiki. Masu sha'awar kimiyya su dage, domin asibitocinmu na jiran 'ya'yan ƙasar Zuru da za su riƙe su.

Rigakafi ya fi magani.