Ƙararrawar Ɓarayi: Me Ke Gaskiya, Me Ke Zuƙi?

Daga teburan mai shayi na Samaru zuwa rumfunan kayan lantarki a kasuwar Sabon Gari, hirar ƙararrawar tsaron gida ta yi yawa, kuma kowa da tasa fatawar. Wani ya ce da ka maƙala ta, kai da ɓarawo har abada. Wani ya ce zubar da kuɗi ne, tunda wuta ba ta zama. Dukansu da gyara a maganarsu.

Batun wutar dai rabinsa gaskiya ne. Akwatin ƙararrawa na kirki yana da batir a cikinsa, galibi mai bolt 12, wanda ke riƙe shi sa'o'i bayan an ɗauke. Sai dai an ƙera shi ne don ƙasashen da ɗaukewar wuta ba ta daɗewa. A unguwanni irin su Jama'a ko Hayin Dogo, idan taransifoma ta lalace a yi kwanaki cikin duhu, batirin zai ƙare shiru, mai gida na barci da tunanin yana da maigadi. Maganin shi ne a jona ta da sola ko inbata, a kuma riƙa canza batirin bayan shekara 2 ko 3, don zafi na saurin tsufar da shi.

Cewa tana kiran 'yan sanda da kanta kuwa, ba haka ba ne. A Ingila da Amurka akwai kamfanonin da ake biya duk wata su sa ido, idan ta yi kuka su bincika sannan su sanar da hukuma. Wadda za ka saya a kasuwa ka kai gida, layin waya ne a cikinta, kuma lambobin da ka sa mata kaɗai take kira. Layin nan yana son kati, yana son a haɗa shi da lambar NIN, yana kuma son sabis. Wanda ya tuna ƙarshen 2021, lokacin da aka katse sadarwa a wasu sassan jihar Kaduna saboda 'yan bindiga, ya san sabis ba abin jingina ba ne. Kiran 112 ko ofishin 'yan sanda mafi kusa, kai ne za ka yi da hannunka.

Ƙorafin da ya fi gaskiya shi ne na kukan banza. Ƙaramin farin idon nan da ake kafawa a kusurwar ɗaki ba mutum yake gani ba, ɗumin jiki mai motsi yake ji. Kyanwa ma tana da ɗumi, haka akuya da kaji. Wani maƙwabcinmu ya kafa nasa yana kallon tsakar gida, daidai turken ragon layyarsa. Daren farko jiniya ta tsage, muka fito da tocila da sanduna, wani dattijo ko takalmi babu. Dare na biyu mutum uku suka leƙo. Na uku, ina ji tana ihu na gyara kwanciya. Da ɓarawo ya zo a daren nan, da ya kwashe kaya ana yi masa kiɗa. Akwai kuma abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba: a zafin Maris da Afrilu, idan ɗumin ɗaki ya kusa kai na jikin mutum, idon yana rage gani. Shi ya sa na fi yarda da ɗan maganaɗisun da ake mannawa a ƙofa da taga. Ba ruwansa da rago ko bazara, da an buɗe sai ya tona.

Wayar lantarkin kan katanga fa, tana kisa? Ta gaskiya tana sakin dubban bolt ne a ɗan ƙiftawar ido, kusan sau ɗaya a daƙiƙa, ta girgiza mutum ya saki. Mai kisa ita ce wadda wasu ke jonawa kai tsaye da wutar NEPA, kuma ba ta bambance ɓarawo da yaron da ya hau ɗauko ƙwallo. Wannan ganganci ne da kan kai mutum gaban alƙali.

Kyamara kuma shaida ce kawai. Da safe za ta nuna maka mutum da hula da takunkumi.

Masu gidajen hayar ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello su lura da kyau. A lokacin hutu, ko yajin aiki irin na 2022 da ya ci wata 8, ɗakuna kan zama wayam, jiniya ta yi ta kuka babu mai ji. A irin wannan gida, lambar maƙwabci da ta shugaban 'yan sintirin unguwa ya kamata a fara sa wa na'urar, bayan an nemi yardarsu.

Mai karatu, kafin ka biya kuɗi, ka sa mai kafawa ya kashe wutar gidan gaba ɗaya, ya buɗe ƙofa a gabanka. Idan jiniya ba ta tashi ba, ko wayarka ba ta yi ƙara ba, ka ce ya kwance kayansa.