Klemat: Kafin ka tambayi kuɗin aiki, tambayi wanda ya tsaya wa ma'aikacin

Tafiyar da ke tsakanin Maiduguri da Njamena, babban birnin ƙasar Chadi, kimanin kilomita 250 ce kacal, amma kafin ɗan kasuwa ya bi ta Dikwa da Gamborun Ngala, ya tsallaka Fotokol, ya ratsa Kusuri, sannan ya haye gadar Ngeli da ke kan kogin Logon, ya taka ƙasashe uku, ya canza kuɗi, ya kuma canza harshe. Akasarin 'yan uwanmu masu wannan zirga-zirga sun san farashin kowane kwali da ke cikin motarsu, sun san abin da ake kashewa a kowane shinge. Inda suka fi yin tuntuɓe shi ne wajen ɗaukar mutum: wanda zai fitar musu da kaya daga kwastan, maginin da zai gyara sito, mai walda da zai yi ƙofar da ɓarawo ba zai ɓalle ba, mai haɗa sola, da kuma yaron da za a bar wa makullin shago a koma gida.

Mun ɗauki unguwar Klemat ne a matsayin misali. Tana cikin gunduma ta biyu daga gundumomi 10 na birnin, ba ta da nisa da babbar kasuwa da masallacin Sarki Faisal, kuma Larabcin Chadi ne harshen titi a cikinta, duk da cewa mai jin Hausa ba zai rasa abokin magana ba. Baƙon da ya kama hayar sito ko shago a irin wannan unguwa, kafin mako ya zagayo zai ga masu neman aiki sun yi masa yawa. Kowa da lambar waya, kowa da hotunan aikin da ya ce shi ya yi. To amma hoto ba ya cewa uffan game da ko an gama aikin kan lokaci, ko an dawo da ragowar siminti.

Yadda iyayenmu suka yi

Hausawa ba baƙi ba ne a wannan gari. An kafa shi a 1900 da sunan Fort-Lamy, bayan yaƙin Kusuri inda Rabe da kwamandan Faransa Lamy suka mutu a rana guda, kuma sai a 1973 aka mayar da sunansa Njamena. Tun farkon kafuwarsa alhazai masu tafiya Makka a ƙafa suke yada zango a cikinsa, wasu su yi shekara suna sana'a don tara guzuri, wasu kuma zaman ya ɗore har suka bar jikoki. Wani masani ɗan Amurka, John Works, ya wallafa littafi sukutum a 1976 a kan waɗannan al'ummomin Hausawa na Chadi.

Abin da ya riƙe waɗancan mutane shi ne mai masauki. Fatake ba sa sauka a gari haka kawai, sai a gidan wani sananne, wanda zai ba su ɗaki, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da dillali, ya kuma nemo musu maɗinki ko maƙeri idan bukata ta taso. Yana samun la'adarsa, amma idan wanda ya kawo ya ci amana, shi ake kamawa, kuma sau da yawa daga aljihunsa yake biya don kada sunan gidansa ya ɓaci fatake su ƙaurace masa. Haka Abner Cohen ya tarar a Sabo ta Ibadan, a littafinsa na 1969, inda masu gida ke tsaya wa mahauta a ba su shanu bashi ba tare da takarda ko ɗaya ba. Ba wai mutanen da sun fi na yanzu tsoron Allah ba ne gaba ɗaya, a'a, tsarin ne ya sa duk wanda ya gabatar da mutum yana da abin da zai rasa.

Abubuwa biyu suka raunana wannan tsari a kan hanyarmu. Na farko rikicin Boko Haram. Bayan harin da aka kai Gamborun Ngala a watan Mayun 2014, hanyar ta mutu na tsawon lokaci, fatake suka koma zagayawa ta Difa ko ta Yola da Garwa, tsofaffin masu masauki da dama suka watse, wasu suka rasu. Sai kuma harin bam da aka kai ƙofar babbar kasuwar Njamena a watan Yulin 2015, wanda ya sa aka riƙa ɗari-ɗari da baƙo, masu gidaje suka daina karɓar wanda ba su sani ba. Na biyu kuwa wayar salula. Yau mutum yana Kantin Kwari zai ɗauki magini a Klemat ta WhatsApp, ya tura masa kafin alƙalami ta Airtel Money ko Moov Money, ba tare da wani ɗan gari ya san an yi ba. Ranar da wayar ta daina shiga, babu ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Don haka a ganinmu tambayar farko ba ita ce "nawa za ka yi mini?" ba. Tambayar ita ce "wa ya san ka a nan, kuma zai yarda ya zauna a yi maganar a gabansa?" Akwai bambanci tsakanin wanda ya ce maka "na san shi, mutumin kirki ne" da wanda ya ce "idan ya gudu ka kama ni." Na farko ya yi maka kara ne kawai. Unguwannin Njamena suna da masu unguwa, waɗanda ake kira chef de carré da Faransanci, ƙabilu kuma suna da shugabanninsu da ake kai wa ƙara kafin a je ga hukuma, ga limamai, ga shugabannin layi a kasuwa. Ma'aikacin da ya ƙi a kai maganarsa gaban ɗaya daga cikin waɗannan, ya riga ya ba ka amsa. Da ɗan gari akan ci gari, in ji masu iya magana, amma sai ɗan garin da ke da gida da iyali a inda za ka same shi gobe.

Inda takarda ta fi shaidar baki

Sai dai akwai sana'o'in da shaidar mai unguwa ba ta wadatarwa. Babba a cikinsu shi ne mai fitar da kaya daga kwastan, ko duwan kamar yadda 'yan uwanmu na Nijar ke faɗa, wanda a can ake kira transitaire. Chadi tana cikin ƙungiyar CEMAC ne tare da Kamaru, Gabon, Kongo, Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini, ba ta cikin ECOWAS, kuma doka ta tanadi cewa mai wannan aiki sai ya sami lasisi. A zahiri kuwa, kamar yadda abin yake a sauran iyakokinmu, da yawa daga masu tarar mutum a bakin gada ba su da lasisin kansu, suna aiki ne da hatimin wani kamfani. Wannan ba lallai ya zama cuta ba, amma wajibi ne mai kaya ya san sunan kamfanin, ya taka ya ga ofishinsa, ya kuma nace sai an ba shi ainihin rasit ɗin da kwastan ta fitar, ba takardar da wakilin ya rubuta da hannunsa ba. Wanda ya yarda aka rage masa kuɗin fito ta bayan fage, ranar da aka tare kayan a cikin gari sunansa ne a jiki, ba na wakilin ba.

Haka nan duk wanda ya zo maka da sunan kamfani, ka nemi lambar rajistarsa ta kasuwanci, wato RCCM, da lambar haraji, wato NIF. Chadi, Kamaru da Nijar suna cikin ƙasashe 17 masu bin dokar kasuwanci guda ta OHADA, wadda aka rattaba wa hannu a 1993, saboda haka ɗan Maraɗi ya saba da waɗannan takardu. Ɗan Kano ne zai yi karatun ta-natsu, domin Nijeriya ba ta ciki, kuma takardar kamfaninsa ta Abuja ba za ta yi masa aikin komai a Klemat ba. Majalisar 'yan kasuwa ta ƙasar, CCIAMA, tana nan a birnin ga mai son ƙarin bayani. Batun sayen fili ko doguwar haya kuwa, a bi ta hannun notaire, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da yarjejeniya. Kuɗinsa na da ɗan ciwo, amma bai kai na shari'ar fili ba.

Wasu kan ce, ai gara in ɗauko nawa daga gida, in kawo mai walda daga Panteka ta Kaduna ko mai tayil daga Kano. Hakan na yiwuwa, kuma tun da Chadi ta fara fitar da man Doba a 2003 gine-gine suka bunƙasa, ma'aikata daga Kamaru da Nijeriya da wasu ƙasashen yamma suke shigowa. Illa dai a tuna cewa ɗaukar baƙo aiki na dindindin yana bukatar izinin hukumar samar da aikin yi ta ƙasar, ONAPE. Sannan gwanin Kano bai san ƙasar Njamena ba, kuma a nan ne maganar gini ta shigo.

Ƙasar birnin laka ce, irin firgin da mutanen Borno suka sani, mai kumbura da damina ta tsage da rani. Harsashin da zai zauna lafiya a Katsina, a nan sai ya dare cikin shekara biyu. Dutse babu shi a kusa, ana ɗauko tsakuwa ne daga wajen Dandi, can kusa da tafkin Chadi, shi ya sa take da tsada, shi ya sa kuma magini marar amana a nan yake fara ƙwange. Jan bulo da ake gasawa a bakin kogi shi ma kala-kala ne, akwai wanda ya gasu yana ƙara idan an ƙwanƙwasa, akwai wanda ruwan farko zai narkar. Ambaliyar 2022 da ta 2024 ta rusa gidaje masu yawa, musamman a unguwannin da ke tsakanin Shari da Logon, bukatar magina ta ƙaru, kuma duk wanda ya taɓa riƙe cebur ya wayi gari birkila. Maginin da za ka ɗauka, kada ya nuna maka ginin bara. Ya kai ka wanda ya yi damina uku ko huɗu, ka dubi kusurwoyi da saman ƙofofi, ka kuma keɓe da mai gidan bayan maginin ya ba da wuri.

Na sola da firji ba sai mun tsawaita ba. Wutar gwamnati ba abin dogaro ba ce, zafin Afrilu yana haura digiri 40, kuma baturin da aka yi wa sabon fenti ba ya wuce bazara ɗaya. Ka sayi kayanka da kanka a shagon da zai ba ka rasit, ka biya mai haɗawa kuɗin hannunsa kawai.

Riyal, dala da jaka

Akwai wani rami da ko mai gaskiya kan jefa ka ciki ba da niyya ba, wato lissafi. A kasuwar Njamena idan ana magana da Larabci da riyal ake ƙirga, riyal ɗaya kuwa sefa 5 ne, daidai da dalar mutanen Nijar. Miya, wato riyal 100, sefa 500 ke nan. Alif, wato riyal 1,000, sefa 5,000 ne. Ke nan idan kafinta ya ce maka dubu goma da Larabci, sefa 50,000 yake nufi, idan kuwa da Faransanci ya faɗa, 10,000 ce. Ɗan Maraɗi da ya ce jaka yana nufin sefa 1,000, alhali tsohon ɗan kasuwar Kano idan ya ce jaka naira 200 ce a ransa. Mutum uku za su tashi daga tabarma ɗaya kowa yana ganin an daidaita, alhali kowa da adadin da ke kansa. Bugu da ƙari, sefar da ake kashewa a Maraɗi ba ita ake kashewa a Njamena ba, duk da darajarsu ɗaya a kan yuro, kuma ɗan canji sai ya cire nasa.

Maganin wannan shi ne rubutu, da lambobi, a sefar Afirka ta Tsakiya. Wasunmu suna ganin neman a rubuta kamar rashin yarda ne, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. A rubuta da Faransanci ko Larabci, domin su ne harsunan hukuma a Chadi, a kuma sami wanda zai karanta maka da Hausa, wanda ba ɗan uwan ma'aikacin ba. A faɗi aikin, a faɗi wanda zai sayi kaya, a faɗi ranar gamawa, wanda ya tsaya masa ya sa hannu.

Mu ma masu ɗaukar aiki ba a bar mu a baya ba wajen laifi. Akwai alhajin da zai matse jinga har ya san kuɗin ba zai isa ba, sannan ya yi mamakin an rage siminti. Akwai wanda za a gama masa aiki ya haye gada ya koma gida da ragowar kuɗin mutane, ya ce sai ya dawo. Ma'aikatan Klemat su ma suna da nasu lissafin, sun san baƙin da ke biya da waɗanda ba sa biya, kuma gwanaye na gaske, waɗanda aiki ke bin su, su ne suka fara guje wa mai taurin bashi, su bar shi da 'yan koyo. Yaron shago kuwa, wanda aka bar wa kayan miliyoyi ba tare da an yanka masa albashi ko kaso ba, an riga an nuna masa inda zai ɗauki nasa.

Biyan kuɗi dai a yi shi kashi-kashi, ana aiki ana biya, kafin alƙalami kada ya wuce abin da za a fara da shi. Idan aikin rufi ne ko daɓen sito, a yi ƙoƙari a kammala kafin watan Yuni, a kuma amince tun farko cewa wani ɗan kaso zai zauna a hannun wanda ya tsaya wa maginin, ba a hannun mai aikin ba, har sai ruwan Agusta ya sauka a kan kwanon an shiga an duba.