Uwargida, Ga Abin Da Za Ki Tarar A Sashen Gashi

Uwargida, idan shanyewar ɓarin jiki ko ciwon baya ya sa aka turo ki daga Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada ko Doguwa zuwa Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano, kada ki zaci wuta za a sa miki. Likitan gashi zai tambayi tarihin ciwon, ya gwada ƙarfin gaɓoɓi, ya koya miki motsa jiki.

Riƙo hoton ƙashi, ki sa wando mai yalwa, ki nemi mace in akwai. Taho da mai jinyarki ta koya, domin hanya da nisa, kuma rabin maganin a gida yake. Sai haƙuri, sauƙin a hankali yake zuwa. Allah Ya ba mu lafiya, amin.