Gishiri da Kanwa: Magani Ne, Amma da Iyaka

Tekun Gishiri, wanda Littafi Mai Tsarki ya ambata, ya fi sauran tekuna gishiri wajen sau 10. Masu ciwon fata sukan je wanka can, gama ma'adinan ruwan suna rage ƙaiƙayi da saɓar fata. Amma ba a shansa.

Mu kuwa a Dudunni kanwa muka sani, irin su ungurnu ta yankin Tafkin Chadi. Kaɗan takan nunar da wake. Amma a 1978 likitocin Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da wankan jego, gama kanwa tana tara ruwa a jiki.

Maigida, in ƙafafun mai jego sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya, kai ta asibiti maza.