Jami'a ta matso Maraɗi da Damagaram, amma ɗan Tasawa da Mayahi na neman inda zai kwana

Babbar jami'ar ƙasar Nijar da ke birnin Yamai sunan haifaffen Tasawa take ɗauke da shi. A garin ne aka haifi Abdou Moumouni Dioffo a shekarar 1929. Kafin ya zama masanin kimiyyar hasken rana da duniya ta sani, sai da ya bar ƙasar baki ɗaya: makarantar William Ponty a Senegal, daga can kuma birnin Paris. A lokacinsa babu jami'a ko ɗaya a Nijar. Sai a 1971 aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, ta zama jami'a a 1973, shi kansa ya shugabance ta daga 1979, aka kuma sa mata sunansa a 1992, shekara guda bayan rasuwarsa.

Yau yaron da ya ci jarrabawar bakaloriya a Tasawa ba sai ya ƙetare teku ba. Tafiyar kilomita kusan 120 ce zuwa Maraɗi ta yamma, kwatankwacin haka kuma zuwa Damagaram ta gabas, kuma kowane gari a cikin biyun yana da jami'ar gwamnati. Ɗan Mayahi ma in ya biyo hanyar Cadawa, kafin azahar ya isa Maraɗi. Nisa ya ragu ƙwarai. Abin da bai ragu ba shi ne kuɗin da ɗalibi ke buƙata ya zauna a birni shekara uku ko fiye, kuma a nan ne ake tace 'ya'yan talakawan karkara ba tare da kowa ya kore su ba.

Daga jami'a ɗaya zuwa takwas

Kusan shekara arba'in Nijar ta yi da jami'ar gwamnati ɗaya tilo. Akwai Jami'ar Musulunci ta Say da aka buɗe a 1986, amma ita ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ce. Duk wanda ya ci bak daga Difa har Tilaberi, Yamai ce makomarsa, sai fa wanda ya samu tallafin fita waje. Ga ɗan Tasawa, wannan tafiya ce ta sama da kilomita 700.

Sauyin ya fara ne da ƙananan cibiyoyin fasaha na IUT da suka soma aiki a Maraɗi, Tawa da Damagaram a 2008. A 2010, lokacin gwamnatin riƙon ƙwarya ta Salou Djibo, aka ɗaga garuruwan uku zuwa masu cikakkiyar jami'a. A 2014, zamanin Mahamadou Issoufou, aka ƙara huɗu: Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Kowace jiha ta samu tata. Ta Maraɗi aka sa mata sunan Dan Dicko Dankoulodo, masanin kimiyyar sinadarai kuma tsohon ministan ilimi. Ta Damagaram kuma tana ɗauke da sunan masanin tarihi André Salifou.

Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma duk mai adalci zai yaba. A ƙidayar 2012 jihar Maraɗi na da mutane kusan miliyan 3.4, gundumomin Tasawa da Mayahi kuwa kowaccensu ta haura rabin miliyan. Yanki mai wannan yawan jama'a a ce sai an je bakin kogin Kwara kafin a ga malamin jami'a, zalunci ne da aka daɗe ana yi wa kallon abin da aka saba.

Sai dai an raba wa jami'o'in fannoni. Ƙarfin ta Maraɗi ya karkata ga kimiyya da fasaha, aikin gona da muhalli, da kiwon lafiya. Mai son adabi, tarihi ko ilimin zamantakewa, Damagaram ko Yamai zai nufa. Mai son shari'a ko tattalin arziki kuwa, Tawa ko Yamai. To a lise na karkara ajin adabi, wato seri A, shi ya fi cika, domin malaman lissafi da kimiyya sun yi ƙaranci, ɗakin gwaji kuma sai a wasu wurare. Sakamakon haka, yarinyar da ta ci bak A a Mayahi tana iya wuce ƙofar jami'ar jiharta a cikin mota, ta ci gaba da tafiya ɗaruruwan kilomita kafin ta isa inda ake koyar da abin da takardarta ta ba ta damar karantawa.

Tsanin da ke ƙasa

Kafin a kai ga maganar jami'a ma, sai an tambayi nawa ne ke isowa bakin ƙofar. A Nijar waɗanda ke karatun gaba da sakandare ba su kai biyar cikin ɗari na matasan da shekarunsu suka kai ba, wato kusan rabin abin da ake samu a sauran ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Jarrabawar bak kuma, a shekaru da dama na baya-bayan nan, ko kashi ɗaya cikin uku na masu zana ta ba sa ci.

A ƙananan hukumomi irin su Kanambakashe, Issawan, Gidan Amumun, Urafan, Korgom ko Hawan Dawaki, yaro kan gama firamare a ƙauyensu, kwaleji kuma ta kasance a wani gari, lise a wani garin na daban. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku ake neman masa mai masauki. In an samu ɗan'uwa mai hali, to; in ba a samu ba, karatu ya tsaya a nan. Ga 'yan mata abin ya fi tsanani, domin iyaye da yawa ba sa yarda su bar budurwa a gidan da ba su sani ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kusan mata tara cikin goma a jihar Maraɗi an aurar da su kafin su cika shekara 18, adadin da ya fi na kowace jiha. Wannan ne ya sa Mohamed Bazoum ya ɗauki gina makarantun kwana na 'yan mata a matsayin babban alƙawari, ya kuma buɗe ta farko a Kelle cikin jihar Damagaram a 2021.

Saboda haka wanda ya fito daga ƙauyen Gulbin Kaba ya ci bak, ya riga ya tsallake shinge uku ko huɗu. Ƙasa ta kashe kuɗi a kansa shekara goma sha uku. Asarar irin wannan ɗalibi a shekararsa ta farko a jami'a, don kawai ya rasa ɗaki da abinci, ita ce asara mafi tsada a duk tsarin.

Bursi, ɗaki da tikitin abinci

Kuɗin rajista a jami'ar gwamnati ba shi ne matsalar ba. In aka kwatanta da na masu zaman kansu, irin su Jami'ar Maryam Abacha da ke Maraɗi, ƙalilan ne. Nauyin yana wajen zama. Hukumomi biyu ke riƙe da wuyan ɗalibi: hukumar ANAB mai biyan kuɗin tallafin karatu da ake kira bursi, da cibiyar CROU mai kula da ɗakunan kwana, gidan abinci, motocin ɗalibai da asibitinsu. Ba kowa ke samun bursi ba, akwai sharuɗɗan maki da na shekaru. Sharaɗin shekaru kuwa ya fi cin ɗan ƙauye, wanda sau da yawa an makara wajen sa shi lakwal, ko ya maimaita aji saboda rashin malami.

Wanda ya samu ma, sai ya iya haƙuri. Jinkirin biyan bursi tsohon ciwo ne, kuma shi ne kan gaba a yawancin takardun koke da ƙungiyar ɗalibai ta USN ke miƙa wa hukuma. Ɗakunan kwana ba su taɓa isa ba. Ɗakin da aka yi domin mutum biyu, sai ka tarar da ninkinsu a ciki, kowa ya jawo ɗan garinsu. Ɗan birnin Maraɗi in bursi ya makara gida zai koma ya ci tuwo. Ɗan Mayahi kuwa sai dai ya buga waya gida, gidan da shi ma yake jiran kaka.

A nan lissafin manomi ke shigowa. Komawa makaranta kan zo daidai da lokacin girbi, kuma a lokacin ne farashin gero, wake da gyaɗa ke faɗuwa ƙasa warwas. Uban da zai haɗa wa ɗansa kuɗin mota, na haya da na kwafin darussa, dole ya sayar da amfanin gona a mafi arhar lokacinsa, sannan ya saye shi da tsada in bazara ta yi. Wani gidan akuya ko tunkiyar uwa ce ke tafiya kasuwa. Wani kuma ya dogara ga yayan da ke ci-rani a Kano, Legas, Agadas, Libiya ko Aljeriya. Masu karanta mu daga waje sun fi kowa sanin wannan: a cikin abin da suke aikowa gida duk wata, akwai kason da a zahiri bursi ne da gwamnati ba ta biya a kan lokaci ba.

Sai kuma shekarar karatu da ba ta ƙarewa. Tsarin LMD ya ce digirin farko shekara uku ne. Amma yajin aikin ɗalibai, da na malamai a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta SNECS, kamar dogon rikicin 2018 da 2019 kan ko zaɓen shugabannin jami'o'i za a yi ko naɗa su, da ƙarancin azuzuwa da malamai, sun sa shekaru na hawa kan juna. Sabbin jami'o'in sun daɗe suna aron malamai daga Yamai, malami ya zo ya zuba darasin wata uku cikin mako biyu ya koma. Duk watan da aka ƙara, mai gida a birni bai rasa komai ba sai lokaci. Mai biyan haya kuwa wata guda ne na kuɗin ɗaki da ba a yi kasafinsa ba.

Wannan rigima ta kuɗin zama ta ci rayuka. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 jami'an tsaro sun buɗe wuta kan ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai, uku suka mutu. Tattakin na adawa ne da shirin tsuke bakin aljihu da ya shafi ilimi, kuma yana cikin abubuwan da suka kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991. Ranar 10 ga Afrilun 2017 ma an rasa ɗalibi Malah Bagalé a wata zanga-zangar neman kyautata yanayin karatu da biyan bursi. Shekara 27 tsakanin ranakun biyu, koken kusan iri ɗaya.

Ina kuɗin zai fito?

Bazoum ya yi alƙawarin kai kason ilimi kashi 22 cikin ɗari na kasafin ƙasa. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya zo, takunkumin CEDEAO da janyewar masu ba da tallafi suka biyo baya, har hukumomin soja a watan Oktoban shekarar suka zaftare kasafin da kusan kashi 40 cikin ɗari. Faransa ma ta dakatar da bai wa ɗaliban Nijar biza a wancan lokaci. Ma'ana, ƙofar waje ta ƙuntata, nauyi ya ƙaru a kan jami'o'in gida, aljihun gwamnati kuma ya ragu, duk a lokaci ɗaya.

Amma akwai abin dubawa a maƙwabta. Daga Tasawa zuwa Katsina ba nisa, kuma a Najeriya tun 1993 ake cire wani kaso daga ribar kamfanoni domin ilimi, abin da ya zama asusun TETFund a 2011. Jami'o'in can ma suna fama da yajin aiki da cunkoso, ba aljanna ba ce. Sai dai duk wanda ya shiga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma zai ga gine-gine ɗauke da tambarin asusun, domin kuɗin yana da mashigarsa ta daban, ba ya jiran ragowar kasafi. Nijar ta nuna tana iya irin wannan in ta ga dama: a 2023 ta kafa asusun haɗin kai na ceton ƙasa, ana cire masa kaso har daga kuɗin waya. Tun 2024 kuma ɗanyen man Agadem ke fita kasuwar duniya ta bututun Benin. A ganina, ware wani kaso sananne daga irin waɗannan hanyoyi domin bursi da ɗakunan kwana zai fi amfanar ɗan Mayahi fiye da ƙara buɗe wata sabuwar jami'a.

Na faɗi haka ne domin akwai masu ganin gari kamar Tasawa, mai sarauta da tarihi da yawan jama'a, ya cancanci nasa reshen jami'a. Buri ne mai kyau, amma allo da suna a bakin ƙofa ba su ne jami'a ba. Waɗanda ake da su ma ba su gama samun malamai da ɗakunan gwaji ba. Abin da gundumomin biyu za su fi mora cikin gaggawa ƙanana ne: malaman lissafi da kimiyya a lise domin yaransu su iya shiga fannonin da Maraɗi ke koyarwa, makarantun kwana ga 'yan mata, da fifita ɗan nesa wajen rabon ɗaki a jami'a.

Akwai kuma abin da ba sai an jira Yamai ba. Ƙananan hukumomi, 'yan kasuwar yankin da ƙungiyoyin 'yan asalin Tasawa da Mayahi mazauna waje suna gina masallatai da rijiyoyi, suna kai agaji in an yi ambaliya. Gida guda mai ɗakuna goma a Maraɗi ko Damagaram, da mai kula amintacce, zai ɗauki 'yan mata talatin ko arba'in a kowace shekara. Ga uban da ke Urafan ko Issawan, tambayar farko in 'yarsa ta kawo sakamakon bak ba ta fannin da za ta karanta ba ce. Tambayar ita ce a gidan wa za ta sauka.