Tsautsayi, Ganganci da Sa'a a Wasan Ƙwallon Dawaki

A watan Nuwamba na shekarar 1981 Gwamnan Jihar Sakkwato, Alhaji Shehu Kangiwa, ya faɗo daga kan doki ana cikin wasan ƙwallon dawaki a Kaduna, kuma wannan faɗuwa ita ce ta zama ajalinsa. Shekara biyu ke nan da zaɓensa. Mataimakinsa, Dokta Garba Nadama, shi ya gaje shi. Ba shi ne mai mulki na farko da ya rasu ta wannan hanya ba, domin a shekarar 1210 Sarkin Delhi, Ƙuɗubuddin Aibak, ya faɗo daga doki a birnin Lahore yana irin wannan wasa, ya cika. Duk sa'ad da haka ta auku, abin da jama'a kan ce shi ne, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Maganar gaskiya ce, amma ba ta ƙare zancen ba. Ya kamata a bincika a gani, a cikin raunukan da ake samu a wannan wasa, wanne ne tsautsayi, wanne ne kuwa sakaci ya jawo.

Asalin Wasan a Katsina

Ba a Nijeriya aka ƙagi wasan folo ba. Tsohon wasa ne na ƙasar Farisa da Asiya ta Tsakiya. Sojojin Ingila sun koye shi a Indiya cikin ƙarni na goma sha tara, suka tsara masa dokoki, sa'an nan suka zo da shi Ikko a farkon ƙarni na ashirin. A ƙasar Hausa kuwa ya tarar da mutanen da doki ya daɗe da zama abin alfaharinsu, na yaƙi da na hawan salla. A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, wasan ya kafu a Katsina, har 'ya'yan sarki suka zama gwanayensa. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Alhaji Sir Usman Nagogo, Sarkin Katsina daga 1944 zuwa 1981. Ana auna gwanintar ɗan wasa da lamba, mafi girma ita ce 10, shi kuwa Nagogo ya kai 7. 'Ya'yansa, Janar Hassan Usman Katsina da Sarki Muhammadu Kabir Usman, su ma sun bi sawunsa. Saboda haka ba a iya zancen folo a Nijeriya a tsallake Katsina.

Inda Haɗarin Yake

Filin folo yana da tsawon yadi 300, mahaya huɗu ne a kowane ɓangare, kuma ana yin wasan zubi-zubi, kowane zubi minti bakwai. Dokin da ke sukuwa sosai yakan kai gudun mil 30 a cikin sa'a ɗaya, watau yana cin kusan yadi 15 kafin a ƙirga daƙiƙa guda. Masana kimiyya sun nuna cewa idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin karo yakan ninka sau huɗu ne. Daɗin daɗawa, nauyin doki ya ninka na mahayinsa sau da yawa, kuma kan mahayi yana kamar ƙafa takwas daga ƙasa. Ga kuma sanda ana juyawa, ga ƙwallo mai tauri tana tashi sama.

Raunukan da kan biyo baya iri uku ne. Na farko su ne na sanda da ƙwallo: fashewar goshi, zubewar haƙori, ko rauni a ido. Na biyu su ne na faɗuwa. Mutum in zai faɗi yakan miƙa hannu don ya tokare, sai nauyinsa duka ya sauka a kan hannun, a sami karaya a tsintsiyar hannu ko a ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa, ko kafaɗar ta goce. Yarima Charles na Ingila, wanda ya zama sarki a 2022, ya karye a hannun dama a wasan folo a 1990. Na uku, waɗanda suka fi muni, su ne na kai da wuya da gadon baya, musamman idan doki ya yi tuntuɓe ya danne mahayinsa, ko ƙafa ta maƙale a likkafa doki ya ja shi.

Hikimar Dokokin Wasa

Wanda ya dubi dokokin folo da idon basira zai tarar yawancinsu an kafa su ne don tsare rai. Babbar doka ita ce ta layin ƙwallo. Da zarar an buga ƙwallo, hanyar da ta bi ta zama tamkar titin mota: mahayin da ke bin layin shi ke da hanya, ba a yarda wani ya gitta gabansa ba in har akwai tsoron karo. An halatta mahayi ya ture abokin hamayyarsa kafaɗa da kafaɗa, amma an hana ya afka masa daga gefe kai tsaye. An kuma wajabta riƙe sanda da hannun dama, ko da mutum bahago ne, domin idan mahaya biyu suka nufo ƙwallo daga fuskoki biyu, kowa ya bar ta a damansa, dawakinsu za su wuce juna ba tare da sun yi gware ba. Har wa yau ana sauya doki tsakanin zubi da zubi, saboda gajiyayyen doki shi ne mai yawan tuntuɓe. Ginshiƙan raga ma ana yin su ne marasa nauyi, yadda in doki ya buge su za su faɗi.

Bayan doka akwai aikin da ake yi tun kafin a hau. Majayin da ya ruɓe, ko hular kwano da ba a ɗaure igiyarta ba, ko rami a fili da ba a cike ba, kowanne yana iya jawo abin da daga baya za a kira tsautsayi. A ƙasa irin ta Katsina, da rani fili yakan bushe ya yi tauri, ƙurar hunturu ta rage gani, da damina kuwa santsi ne abin tsoro. Mai kula da doki a barga da mai gyaran fili suna da hannu a lafiyar mahayi daidai da alƙalin wasa.

Haka kuma abin da ake yi bayan faɗuwa yana iya raba rai da mutuwa. Al'adar 'yan kallo ita ce su ruga su ciccibi wanda ya faɗi. In akwai karaya a wuya, wannan ciccibar tana iya shanye masa jiki har iyakar ransa. Likitoci sun kuma tabbatar cewa wanda ya bugu a ka yana iya tashi garau yana magana, alhali jini na taruwa a cikin ƙoƙon kansa, sai bayan sa'o'i ya suma. Don haka wanda kansa ya bugu bai kamata ya koma kan doki a wannan rana ba, komai jaruntakarsa, sai likita ya duba shi.

Rabon Sa'a

Duk da wannan, akwai saura wanda ba doka ko dabara da ke iya kawar da shi. Mahaya biyu sukan yi faɗuwa iri ɗaya, ɗaya ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ɗayan a ɗauke shi ranga-ranga, bambancin kawai yadda kan kowannensu ya sami ƙasa. Gwaninta ma ba ta zama garkuwa ba, domin gwani shi ya fi gudu, shi ya fi kutsawa inda wasa ya yi zafi. Wannan saura ita ce ta cancanci sunan ƙaddara, kuma mumini yakan karɓe ta da haƙuri. Sai dai malamai sun daɗe suna karantar da cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙon sababi.

Darasin ya shafi wanda bai taɓa hawa doki ba. Ma'aikacin gwamnati da aka ɗora wa binciken haɗarin mota, ko rushewar gini, ko gobarar kasuwa, in ya rubuta "tsautsayi" a rahotonsa ya rufe fayil, ya bar ramin nan a buɗe yana jiran na gaba. Wajibinsa shi ne ya fara tambayar wace doka aka karya, wane kaya ne ya lalace ba a canza ba, wa aka ɗora wa dubawa. Abin da ya rage bayan an amsa waɗannan tambayoyi, shi ne za a bar wa ƙaddara.